Sabon direba a Birtaniya, ga yadda za ka tsira da lasisinka

Duk wanda ya ci jarabawar tuƙi a Birtaniya, shekara 2 na farko a kan siraɗi yake, ko da kuwa ya shekara ashirin yana jan mota tsakanin Kano da Kaduna. Lasisin Najeriya wata 12 kawai yake maka aiki a can, daga nan sai ka yi jarabawarsu, kuma ranar da ka ci ita ce ranar da aka fara maka lissafi. Dokar tun 1995 aka yi ta: makin laifi 6 cikin shekara biyun nan, hukumar DVLA mai ba da lasisin tuƙi ta soke lasisin, babu zancen a yi haƙuri. Tsofaffin direbobi su sai sun tara 12 cikin shekara 3.

Abu na farko, waya. Wallahi tana cin mutane, riƙe ta a hannu kana amfani da ita kana tuƙi maki 6 ne da tarar fam 200, wato shikenan lokaci ɗaya an gama da kai, kuma ko a danja kake tsaye ko cikin goslo ka ɗauka don duba WhatsApp duk laifi ne. Ka saita taswira tun kafin ka tada mota, ka maƙala ta a mariƙi ka manta da ita.

Sai inshora. Can direba ake yi wa, to kar ka karɓi makullin abokinka don "nan da nan zan dawo", in ba inshorar da ta ba ka damar tuƙa motar maki 6 ne shi ma. Gudu kuma mafi ƙaranci maki 3 da fam 100, kyamara ta ɗauke ka sau biyu magana ta ƙare. In sun ba ka zaɓin zuwa kwas maimakon maki, karɓa da gudu.

Makin da ka samu kana koyo yana biyo ka fa, kuma ranar da ka yi laifin ake dubawa, ba ranar hukunci ba.

In ta riga ta faru, ka nemi sabon lasisin koyo, ka maida alamar L ta masu koyo jikin mota, wani mai lasisi ya riƙa zama gefenka, ka sake jarabawar kwamfuta da ta titi duka biyun. Makin kuma yana nan bai goge ba, kamfanin inshora zai gani ya tsawwala maka kuɗi.