Yadda Ake Nazarin Ingilishi da Adabinsa a Matakin Tsakiya na Sakandare

Ɗalibin da ya kai matakin tsakiya a Ingilishi ya wuce koyon gaisuwa da haɗa gajerun jimloli, yana kuma iya karanta labari ya gane inda aka dosa, amma da zarar an ce ya rubuta insha'i mai shafi biyu, ko ya fayyace abin da wani baiti yake nufi, sai alƙalami ya tsaya cak. A ma'aunin ƙwarewar harsuna da Majalisar Turai ta fitar a 2001, wanda ya kasa ƙwarewa gida shida daga A1 zuwa C2, wannan shi ne matakin B1 da B2. A nan ɗalibai da yawa suke cijewa, kuma a ganina babban dalili shi ne sun raba harshe da adabi, suna haddace ƙa'idojin nahawu a gefe guda, suna haddace taƙaitaccen bayanin littafi a wani gefen, alhali kuwa aikin ɗaya ne. Littafin adabin da aka wajabta maka a aji shi ne rumbun da za ka ɗebo kalmomi da nahawu da salon rubutu daga cikinsa.

Abu na farko shi ne ka auna kanka da littafin. Ka buɗe kowane shafi, ka ƙirga kalmomi 100 a jere, ka ja layi ƙarƙashin waɗanda ba ka sani ba. Masu binciken koyon harshe sun nuna cewa mai karatu yana buƙatar sanin kalmomi kusan 98 cikin 100 kafin ya karanta rubutu cikin natsuwa ba tare da taimako ba, kuma idan abin ya gaza 95, fahimta takan fara tangal-tangal. Idan baƙin kalmomin sun haura biyar, littafin yana buƙatar ƙamus da haƙuri, sai ka nemi wani mai sauƙi da za ka riƙa karantawa a gefe, minti ashirin kullum, domin ido da kunne su saba da tafiyar harshen.

Daga nan sai karatun littafin kansa, wanda nake ba da shawarar a yi shi sau uku, kowanne da manufarsa. A karon farko ka ajiye ƙamus, ka bi labarin har ƙarshe, domin ka san wane ne wane, me ya faru, kuma ina aka ƙare. Tsayawa a kan kowace kalma a wannan karon yana kashe sha'awa, ya sa a yar da littafi tun a babi na uku. Karo na biyu shi ne ainihin aikin, kuma da fensir a hannu ake yin sa. A gefen shafi ka riƙa rubuta 'yan kalmomi: nan tauraron ya fara yin ƙarya, nan an sake ambaton ruwan sama, nan mai ba da labari ya sauya daga uwa zuwa ɗa. Duk abin da marubuci ya maimaita sau uku da gangan ya yi, kuma yawanci ta nan jigo yake leƙowa. Idan ka tarar cewa duk lokacin da yarinyar labarin ta shiga damuwa sai an nuna ta tsaye bakin taga, to ka tattara lambobin shafukan wuri ɗaya, domin ka samu hujjar da babu wani littafin taƙaitawa da zai ba ka. Karo na uku kuwa gab da jarrabawa ake yin sa, da tambaya ɗaya a zuci, kamar yadda wani tauraro ya sauya daga farko zuwa ƙarshe, sai ka bi sawunsa shi kaɗai.

A lokacin karatu na biyu ne za ka buɗe littafin tara kalmomi. Kada ka rubuta kalma tsurarta da fassara a gabanta. Ka kwafo jimlar da ka tsince ta a ciki, domin kalmomin Ingilishi suna da abokan tafiya. Ana cewa "make a mistake" amma "do homework", kuma babu ƙa'idar da za ta fitar da kai in ba sabo ba. Ka ware shafuka na musamman don aikatau masu ɗauke da ƙaramar kalma a bayansu, irin su "give up" da "put off" da "put up with", saboda ma'anarsu ba ta fitowa daga haɗa ma'anar sassansu. Yana da amfani ka san cewa tun bayan da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci suka kwarara cikin Ingilishi, daga baya na Latin suka ƙaru, shi ya sa ake samun "ask" da "question" da "interrogate" suna zagaye ma'ana ɗaya, ta farko ta yau da kullum, ta ƙarshe ta hukuma da bincike. Marubuci yakan nuna matsayin tauraro ta irin kalmar da ya sa masa a baki. Haka nan wanda ya san ɗafa-goshi irin "un" da "re" da "mis", da ɗafa-ƙeya irin "tion" da "less", zai iya warware ɗaruruwan kalmomi ba tare da ya taɓa ƙamus ba. Bita kuwa dole ce: tun a 1885 Hermann Ebbinghaus, wani masani Bajamushe, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokacin da aka koyi abu, saboda haka ka waiwayi sababbin kalmomi washegari, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako.

Nahawu ma daga shafin za ka ciro shi. Ka ɗauki sakin layi ɗaya a mako, ka zagaye duk aikatau da ke ciki, ka tambayi kanka dalilin da ya sa aka zaɓi wannan lokacin. Jimlar "She lived here for ten years" tana nuna cewa matar ta riga ta tashi, ita kuwa "She has lived here for ten years" tana nuna har yanzu tana nan, kuma kalma ɗaya tak ce ta raba su.

Waƙa ita ce ɗalibai suka fi tsoro, kuma abin yana damuna, domin yawanci da ido kawai suke karanta ta. Ka karanta ta a bayyane, sau biyu aƙalla, kana tsayawa inda alamar rubutu ta ce ka tsaya, ko da ɗango bai ƙare ba, kana kuma zarcewa idan ɗango ya ƙare babu alama. Ingilishi yana da haruffa 26 amma sautukansa sun kai kimanin 44, kuma karin waƙarsa ya dogara ne a kan gaɓar da ake dannawa da wadda ake sassautawa. Karin da ya fi yawa a tsofaffin waƙoƙi da wasannin kwaikwayo yana da gaɓa goma a ɗango, dannanniya tana bin sassauƙa har sau biyar, kuma idan ka riƙa buga yatsa a kan tebur za ka ji inda mawaƙi ya karya karin domin ya jawo hankali. Idan an ba ku waƙar nan mai ɗango 14 da ake kira sonet, ka nemi inda tunanin ya juya, wanda yakan zo a ɗango na tara ko a ɗango biyun ƙarshe. Idan kuma wasan Shakespeare ne, wanda ya rayu daga 1564 zuwa 1616, ka fara da koyon 'yan tsofaffin kalmomi irin "thou" da "thee" masu nufin kai ko ke, sannan ku raba matsayi da abokan karatu ku karanta fitowa guda a tsaye, tun da don dandamali aka rubuta shi. Gano kamance ko siffantawa ko mutuntarwa rabin aiki ne kawai. Mai duba takarda yana so ya ji abin da wannan adon harshe ya ƙara wa ma'ana.

Mataki na ƙarshe shi ne rubutu, kuma kowane mako ya kamata ka rubuta amsa ɗaya cikakkiya kana duban agogo. Ka ja layi ƙarƙashin kalmar umarni da ke cikin tambayar, domin "compare" da "discuss" da "describe" ba abu ɗaya suke nema ba. Kowane sakin layi ya buɗe da ra'ayinka a jimla ɗaya, ya biyo da gajeriyar hujja daga littafin, sannan ka yi bayanin yadda hujjar ta tabbatar da ra'ayin, kuma wannan bayanin shi ya kamata ya fi tsawo. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗalibi ya cika shafi uku yana sake ba da labarin da malami ya riga ya sani. Ka kuma lura cewa al'adar sharhin adabi a Ingilishi ita ce a yi maganar abin da ya faru a littafi da lokaci na yanzu. Idan malami ya dawo maka da takarda, ka kwafe kowane gyara a bayan littafin kalmominka, kuskuren a hagu, daidai ɗin a dama, sannan ka sake rubuta sakin layin da ya fi shan jan biro kafin ka fara amsar mako mai zuwa.