Yadda za a wanke dattin tsohon keken ɗinki

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu tsofaffin kekunan Singer da Butterfly a gida, idan keke ya yi nauyi yana ƙara, kada ku yi saurin kinkimarsa zuwa wurin mai gyara. Yawanci tsohon mai ne ya haɗu da ƙurar hunturu ya daskare.

Ku sayi kananzir kaɗan, ku nemo tsohon buroshin haƙori da tsumma. A fara cire bel, domin kananzir yana lalata roba. In keken mai aiki da lantarki ne, a zare wuta. A ɗiga kananzir a duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, a bar shi ya kwana. Da safe a goge, a juya keken har baƙin ya daina fita, sannan a sa man keke na ainihi, wanda ake samu a kasuwar Kejetia da ke Kumasi.

Don Allah ban da man gyaɗa ko manja. Ranar farko sumul, bayan wata biyu sai danƙo. Ban da ruwa da Omo, tsatsa ce za ta biyo baya. Fetur kuwa, a gidajenmu na unguwar Aboabo da ake girki da gawayi a tsakar gida, ko kusa kada a kawo shi.