Yadda na tsayar da cirar kuɗin manhajar tsara duniyar labari

Alhamdulillahi, an daina zare min kuɗi. Manhaja ce da nake adana taswirar masarautun labarina da salsalar sarakunansu, to da na kammala littafin sai na goge ta daga waya. Wata na kamawa sai ga alat, an sake cira.

Na je bankina a nan Gombe, suka ce sai dai a toshe katin dungurungum, ni kuwa da shi nake sayen data. A shafin manhajar ma babu maɓallin sokewa.

Ashe ta Google Play aka yi rajistar biyan kuɗin, kuma goge manhaja ba ya soke ta. Na buɗe Play Store, na taɓa hotona na sama, na koma ɗaya adireshin Gmail ɗina, domin a wanda aka biya da shi kaɗai take fitowa. Na shiga "Payments & subscriptions", sannan "Subscriptions", na zaɓi manhajar, na danna "Cancel subscription". Nan take ranar ƙarewa ta bayyana. Kafin ranar na sake sauke manhajar, na kwashe taswirorina da rubutuna zuwa kwamfuta.

Malam Isa da ya nuna min, Allah ya saka da alheri.