Yadda Ake Shirya Tufafin Baje Koli a Dandali

Telan da ya saba da ɗinkin sallah ya san aiki cikin matsi, amma kayan dandali, wato waɗanda ake sawa a yi tafiya da su gaban 'yan kallo a bikin baje kolin tufafi, daban suke. A sallah kowa na zuwa da yadinsa da son ransa. A dandali kai ne mai magana, kuma kaya ashirin ko talatin ɗin da za su fito dole bakinsu ya zo ɗaya.

Da farko, ƙirga daga ranar bikin ka dawo baya. Lagos Fashion Week, bikin baje kolin tufafi na Legas wanda Omoyemi Akerele ta kafa a 2011, yakan kama ƙarshen Oktoba, don haka mai niyyar shiga ya fara tun Afrilu ko Mayu.

Na biyu, tsayar da jigo guda, kuma ka matse shi. "Al'adun Arewa" ya yi faɗi, ba zai hana ka yawo ba. Shuɗin baba na marinar Ƙofar Mata jigo ne. Haka aska takwas ta babbar riga idan aka mayar da ita kan rigar mace. Alphadi, mai zanen tufafi ɗan Nijar da ya fara FIMA, bikin baje kolin tufafin Afirka, a 1998 cikin hamadar yankin Agadas, yakan ɗebo daga azurfa da aikin fatar Buzaye. Manna ƙyallaye da hotuna da zare a bango, ka tsaya kan launi uku ko huɗu.

Na uku, yadi kafin zane. Nan ne da yawa ke tuntuɓe, su zana riga mai zuba sannan su sayo shadda mai tsayuwa. Shiga Kantin Kwari ka taɓa, ka murza, ka ɗaga wa haske. Saƙi kuwa ziri-ziri yake zuwa, sai an harhaɗa, saboda haka wuraren haɗin su shiga cikin zanen tun farko. In rini za ka yi, a rina duka lokaci guda, don karofi biyu ba safai suke ba da shuɗi iri ɗaya ba. A wanke kafin a yanka, in ba haka ba baba zai sauka kan farin shafi da wuyan mai sawa. Masu ɗinkin hannu irin na Zariya su ne farkon waɗanda za ka miƙa wa aiki: riga ɗaya takan ci makonni, kuma ba a yi musu gaggawa.

Na huɗu, zana fiye da abin da kake buƙata, ka zubar da rabi. Wanda ya tsira a fara ɗinka shi da alawayyo mai araha. Almakashi ba ya taɓa yadi mai tsada sai samfurin ya zauna.

Na biyar, gwaji a jikin wadda za ta sa, tana tafiya, da takalmin ranar. Rigar da ta yi kyau a rataye tana iya harɗe ƙafa a taku na uku. Duba bayanta da kyau, domin da ta juya shi 'yan kallo za su bi da ido har ta shige. Duba kuma ko fitila mai ƙarfi na ratsa yadin.

Na shida, jeri. Shimfiɗa hotunan kayan a ƙasa. Na farko ya bayyana jigon, na ƙarshe ya zama mafi nauyin aiki. Duk wanda bai dace da sauran ba a cire shi, ko da kuwa shi ya fi cin kuɗi. Wannan da ciwo, amma gara haka.

Ranar bikin, kowace riga da lambarta, hoton mai sawa, ɗankwali da takalmi a jaka ɗaya. Mai canza kaya 'yan mintoci kawai gare ta, don haka zif ya fi maɓalli goma. Riƙe allura, zare, fil da dutsen guga a kusa. Farashin kowane kaya da kwanakin da ɗinka irinsa zai ɗauka su kasance a rubuce, saboda masu saye tun a daren suke tambaya.