Kurakuran da Ake Ta Maimaitawa Wajen Haɗa Wayar Ƙasa

Duk na'urar da ke jan wuta sosai, kamar ta sanyaya ɗaki, hitar wanka da injin rijiyar burtsatse, ana ware mata layinta da birekarta tun daga akwatin rabon wuta, kuma layin bai cika ba sai da waya ta uku mai launin kore da rawaya, wadda masu sana'a ke kira at, wato wayar ƙasa da ke kwashe wutar da ta zubo a jikin na'ura. Abin da ya ishe ni shi ne yadda masu koyon aiki a Birnin Kebbi suke ɗaukar wannan waya tamkar ado.

Mafi muni shi ne haɗa at da nutural (wayar da wuta ke komawa ta cikinta) da guntuwar waya a bayan soket don tsimin kebul. Inji zai tashi lafiya lau, amma ranar da nutural ta saki a wani mahaɗi, ko aka juya wayoyi a kan falwaya, jikin hitar gaba ɗaya zai ɗauki bolt 230, bireka kuwa ba za ta faɗi ba, domin wutar da ke bi ta jikin mutum ba ta kai ta kayar da ita ba. Wani yarona ya taɓa yin haka a wani gida a Jega, uwargida ta kama famfo da jiƙaƙƙen hannu, wuta ta yar da ita. Allah ya kiyaye, amma sai da na warware aikin duka na sake shi da kuɗin aljihuna. Kai ɗan koyo, idan maigida ya ce kebul mai waya uku ya yi tsada, tattara kayanka ka bar masa aikinsa!

Sai sandar da ake kafawa a ƙasa a haɗa ta da wayar at. Guntun rodin gini a busasshen yashi tsatsa yake yi, kuma ƙasarmu tana bushewa ƙayau daga hunturu zuwa bazara. Ni sanda mai rufin jan ƙarfe nake sakawa, aƙalla mita 1.2, a gefen da ke riƙe laima, in zuba gawayi. Ba na zuba gishiri ko da yake da yawa suna yi, saboda yana cin mahaɗin, damina kuma ta wanke shi. Awon ingancin sandar da na yarda da shi na watan Afrilu ne, lokacin da ƙasa ta bushe, ba na Agusta ba.

Bututun ruwa na roba ba ya kai wuta ƙasa, don haka ba ya maye gurbin sanda. Kada wayar at ta bi ta makunnin canjin janareta. Layin hita kuma a sa masa birekar yoyon wuta ta 30mA, wadda ke faɗuwa da zarar 'yar wuta kaɗan ta zurare, a riƙa danna maɓallin gwajinta.