Babi na 7: Kafa Layin Juyi a FreeCAD ga Wanda Ya Saba da SolidWorks

Darasi na ɗaya

Layin juyi miƙaƙƙen layi ne da abu ke zagayawa a kansa, kamar ƙarfen da tayar amalanke ke juyawa a kai. Ba ya fitowa a jikin abin da za a ƙera, amma da shi ake jera ramukan kusoshi a zagayen faifan ƙarfe.

FreeCAD da SolidWorks manhajoji ne na zana abin da za a ƙera a kwamfuta. A SolidWorks hannunku ya saba da hanya: Insert, sai Reference Geometry, sai Axis. Kada ku wahalar da kanku da neman wannan a FreeCAD. A nan sunansa Datum Line, yana cikin sashen da ake kira Part Design. Muna aiki ne da FreeCAD 1.0, wanda ya fito a Nuwamban 2024, kuma kyauta ne.

Kafin ku taɓa komai, ku dubi jerin sunayen da ke gefen hagu. Ku nemi kalmar Body, wato jikin abin da kuke zanawa. Ku ɗora kibiyar a kanta, ku danna maɓallin hagu na linzami sau biyu da sauri. Sau biyu, ba ɗaya ba. Sunan zai yi kauri. Ya yi kauri? Madalla, kun kunna shi. Bai yi ba? Ba komai, ku sake, wataƙila kun bar tazara tsakanin dannawar farko da ta biyu. Kowa a nan yake tuntuɓe, domin SolidWorks bai taɓa neman wannan a wurinku ba. Idan Body biyu ne a zanenku, layin zai shiga wanda ke kunne, ko da ba shi kuke nufi ba. Saboda haka ku duba sunan da ya yi kauri, ku tabbata shi ne naku. Ku rufe fayil ɗin, ku buɗe, ku sake kunnawa, har sai hannu ya riƙe.

Darasi na biyu

Body yana kunne? Ku duba tukuna. To, ku danna bakin ramin da kuke so layin ya ratsa, wato zoben gefensa, zai koma kore. Ku danna Create a datum line. A jerin da ya bayyana ku zaɓi Axis of curvature, sannan OK. Layi zai ratsa tsakiyar ramin.

Wasu sukan ɗaga hannu su ce, "Malam, nawa ya ƙi." In na je sai in tarar ko Body ɗin ba su kalla ba. Haba jama'a! Magidanta ne ku, ba yara ba. Wanda bai kunna Body ba kada ya kira ni.

Darasi na uku

Ku kunna Body. Ku danna kusurwa ɗaya, ku riƙe Ctrl ku danna ta biyu. Create a datum line, sai Through two points. Layi zai ratsa kusurwoyin biyu.

Darasi na huɗu

Akwai layuka uku da ke nan tun asali. Ku danna Origin a ƙarƙashin Body a jerin hagu, ku buga dogon maɓallin tazara. X ja, Y kore, Z shuɗi. A nan Z ce ke kallon sama, ba Y ba kamar a SolidWorks.

Darasi na biyar

Don jera ramukan kusoshi a zagayen faifan, ku zaɓi ramin kusa, ku danna Polar Pattern, ku nuna masa layin da ke tsakiyar faifan, ku rubuta 6 a matsayin yawan ramukan. Ku gwada a gida.