Inda Ake Tuntuɓe da Kalmar "Rote"

Duk wanda ya zauna a ajin koyon malanta ya ci karo da "rote learning", wato nanata abu har ya zauna a ka, ko an fahimta ko ba a fahimta ba. Haruffa huɗu ne kacal, amma suna ka da ɗalibai, har da wasu malaman.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne fassara ta da "hadda" kai tsaye. A wurinmu hadda abin girmamawa ce. Wanda aka kira mahaddaci an ɗaga shi. Baturen yau kuwa idan ya ce yaro ya koyi abu "by rote", akwai ɗan zambo a ciki: baki ya iya, kai bai san me ake ciki ba. Idan haddar kirki kake nufi, ka ce "by heart". Idan kuma "rote" za ka mayar Hausa, ka ce hadda irin ta aku, ka ga ma'ana ta fito.

Sai dai kada ka ɗauki wannan zambon ka kai shi tsofaffin littattafai. Tun wajen shekarar 1300 kalmar take cikin Turanci, kuma da farko ba ta da wannan ƙaiƙayin. Chaucer, marubucin Ingila wanda ya rasu a 1400, ya kwatanta wani lauya a littafinsa Canterbury Tales da cewa kowace doka yana da ita "by rote". Gwanintarsa yake nunawa. Kafin a zo kan Shakespeare ɗanɗanon ya canza: a wasan kwaikwayonsa Romeo and Juliet, limamin coci ya yi wa Romeo gori cewa soyayyarsa ta baya karatun "rote" ce, tana rerawa amma ba ta san haruffa ba.

Wajen furuci, gaɓa ɗaya ce, kamar "note". Harshenmu na son buɗe ƙarshen kalma, sai ka ji an ce "ro-te". Wasu kuma su gajarce wasalin ta koma "rot", ruɓewa ke nan. Sautinta ɗaya da "wrote", shi ya sa ake samun "by wrote" a takardun jarrabawa. Babu abin da ya haɗa su sai kunne.

Batun asali nan ne masu son burgewa ke zamewa. Za ka ji an ce daga Latin "rota" take, abin da ke juyawa kamar ƙafar keke, ko daga Faransanci "route", hanyar da aka bi har ta zama turba. Duk biyun suna da daɗin ji, musamman na farkon. Amma ƙamus ɗin Oxford bai tabbatar da ko ɗaya ba, ya bar asalin a matsayin wanda ba a gano ba. In za ka kawo su a rubutu, ka sa "ana zato" a gaba.

Akwai kuma wata "rote" daban, abin kiɗa mai tsirkiya na Turai ta dā, dangin wanda mutanen Wales ke kira "crwth". A gabatarwar littafin nan na Chaucer duka biyun sun fito: lauya da tasa ta hadda, wani ɗan coci mai yawon bara da tasa da yake kaɗawa yana waƙa. Na taɓa duba aikin ɗalibin da ya rubuta cewa mutumin yana waƙa ne da ka.